Ƙashi ya ɗoru amma hannu ya ƙi tashi

Akwai wani yaro ɗan kabu-kabu da mahaifinsa ya kawo mana ɗakin gashin ƙashi, shekarunsa ba za su wuce 24 ba, tun daga bakin ƙofa na gane abin da ke tafe da su dan hannunsa na dama na cikin aljihun kaftani, kuma da gani hagu ce ta ɗauko shi ta cusa. Mota ce ta kaɗe shi a hanyar Illela da dare ya faɗi kan kafaɗa, ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa ya karye, aka kai shi wurin mai ɗori a ƙauyensu, kuma tsakani da Allah ɗorin ya yi kyau, na shafa da hannuna na ji ƙashi ya haɗe sumul. Dattijon ya ce min, "Likita, ƙashi kam ya ɗoru, hannun na yaƙ ƙi tashi." Mu nan duk wanda ya sa farar riga likita ne, na gaji da gyarawa. Na ce Baba yaushe anka yi haɗarin? Ya ƙirga da yatsu har ya ƙare ya sake dawowa, wata 14. Nan jikina ya yi sanyi, dan na san jijiya ce ta taɓu, kuma abin da zai ba mu aiki yanzu watannin nan ne da suka wuce, sun fi karayar muni.

Kalmar jijiya ita ce ta fara cutar mu. Wadda ake soka wa allura a ɗebi jini jijiya muke ce mata, agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya, farar igiyar nan da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa ta kai wa gaɓa ita ma jijiya. Toh idan aka ce wa mutum jijiya ce ta taɓu sai ya ɗauka irin ta targaɗe ce, a murza da man zafi a ja a ɗaure ta koma wurinta. Wadda nake magana a kai ita ce ta ukun, bari in riƙa ce mata jijiyar laka tunda daga lakar da ke cikin ƙashin baya take fitowa, kuma murza ba ta yi mata komai.

Duk motsin da hannunka ke yi, tun daga ɗaga buta har sa zare a allura, da duk abin da fatar hannu ke ji na zafi ko sanyi, ta saiwa 5 yake bi, waɗanda ke fitowa daga laka ta tsakanin ƙasusuwan wuya. Likitoci sun sa musu lamba, C5, C6, C7, C8 da T1. Daga nan sai tufka da warwara, kamar mai tufkar igiyar kaba. Biyun sama su haɗe, ta tsakiya ta tafi ita kaɗai, biyun ƙasa su haɗe, sun zama kututture 3 kenan, kowanne ya rabu gida biyu a bayan ƙashin nan na gindin wuya, su sake haɗewa su zama igiya 3 a cikin hammata, sannan su watse su zama manyan rassa 5 da ke sauka hannu. Wannan saƙar ita ce birekiyal fileksos a bakin likitoci. Ɗalibai na shan wuyar haddace ta amma kai abin da ya kamata ka riƙe kaɗan ne, na sama su ke ɗaga kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu, ta tsakiya ta fi ƙarfi wajen miƙe gwiwa da ɗaga tsintsiyar hannu, na ƙasa su ke da damƙa da ƙananan ayyukan yatsu.

Kuma wurin da saƙar take shi ne matsalar, tsakanin wuya da kafaɗa, wuya na motsi ta nan kafaɗa na motsi ta can. In mutum ya faɗo daga mashin da gudu kafaɗa ta daki kwalta ta yi ƙasa, kai kuma ya yi ɗaya ɓangaren, duk abin da ke tsakani sai ya miƙe kamar tsirkiyar baka, na sama su ke fara tsinkewa. Irin wannan za ka ga hannu ya saki a gefe ya murɗe ciki tafin na kallon baya, kamar mai karɓar na goro a ɓoye, amma yatsu na motsi. Sunan wani likitan Jamus, Erb, aka sa wa irin wannan, shi ya yi bayaninsa a 1874. In kuwa sama aka fizgi hannun, misali wanda ya faɗo daga bishiya ya cafki reshe, ko bel ɗin injin niƙa ya ja masa hannu, na ƙasa ne ke tafiya, kafaɗa lafiya lau amma yatsu sun mutu sun ƙanƙame, wannan kuma Augusta Klumpke ce ta bayyana shi a Faransa a 1885. In gudun ya yi yawa duka biyar ɗin su tafi hannu ya zama kamar tsumma, irin na yaron nan kenan. Narakas, wani likita a Suwizalan da ya duba masu wannan rauni sama da 1000, ya ce kusan kashi 70 cikin 100 haɗarin hanya ne, kuma a cikinsu kusan kashi 70 masu ƙafa biyu ne, mashin ko keke. Wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Dandima a Sakkwato da yamma ya ga yadda 'yan kabu-kabu ke kutse ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hular kwano na ceton kai, kuma a sa ta dan Allah, amma ba ta kare kafaɗa.

Abin da ke rikita mutane shi ne hannu biyu za su mutu iri ɗaya a ido, ɗaya ya tashi da kansa bayan sati shida ɗayan har abada. Herbert Seddon na Ingila ne ya kasa raunin gida uku a 1943. Akwai wanda jijiyar suma kawai ta yi, an danne ta ko an ɗan ja ta amma komai na nan, wannan kwanaki ko makonni ta farfaɗo. Akwai wanda zaren ciki ya tsinke amma rigar da ta lulluɓe shi na nan, kamar wayar da jan ƙarfenta ya katse robar ba ta yage ba, wannan zaren zai sake tsirowa ya bi cikin rigar ya isa inda za shi. Na ukun ita da rigar duk sun rabu biyu, wannan in ba an buɗe an haɗa ba babu yadda za a yi bakin nan ya gano wancan, sai ya dunƙule ya zama ƙulli mai zafi. Sannan akwai wanda ya fi duka, wato saiwar ta tumɓuke daga jikin lakar kanta, kamar ka tuge rogo, wannan babu wurin da za a ɗinka ta a mayar.

Toh ka ga masu nau'in farko da na biyu su ne ke tashi a hannun kowa, ko mai ɗori ko mai tofi ko wanda bai yi komai ba, sai labari ya bazu cewa wane ya tada hannun wane, sai mai nau'i na uku ya zauna jiran nasa.

Tumɓukewa tana da alamu. Na ce wa yaron ya dube ni, fatar idonsa na dama ta ɗan sauko, ƙwayar idon ta fi ta hagu ƙanƙanta, mahaifinsa ma bai taɓa lura ba sai da na nuna masa. Wannan na nuna saiwar T1 ta fita daga gindi, dan zaren da ke kula da idon ta nan yake bi. Sai kuma ciwo, hannun da ko ka tsunkule shi ba ya ji amma mai shi na ce maka kamar an tsoma shi a tafasasshen mai, ko kamar shokin, ya fi tashi da dare da lokacin hunturu. Mutanen gida sai su ce iska ce ko jifa, dan ta yaya hannun da ya mutu zai yi ciwo? Lakar ce da aka yanke mata saƙo take ƙirƙiro ciwon da kanta. Maganin ciwon jiki na kemis ba ya taɓa shi sosai, kuma ta nan ne yara da yawa ke faɗawa tiramol, alhali akwai magungunan ciwon jijiya daban da likita ke rubutawa yana lura.

Yanzu ga inda nake son a tsaya a yi lissafi. Jijiyar laka in ta tsinke, duk ɓangaren da ke ƙasa da raunin ruɓewa yake ya bar rigar fanko, sabon zare kuma daga sama yake tsirowa, kuma tafiyarsa kamar milimita 1 ce a rana, wato wajen inci 1 a wata, ko an yi tiyata ko ba a yi ba gudun kenan, babu allurar da ke ƙara shi. Ita kuma tsoka ba ta jira har abada. Wanda ya taɓa noman albasa a fadama ya san in hanyar ruwa ta toshe fangali na iya jure kwana kaɗan, amma in ya ƙone ko ka sako masa Gulbin Rima gaba ɗaya ba abin da zai tashi. Haka tsoka take, in ta kai wata 12 zuwa 18 babu jijiya, wurin da jijiyar ke maƙalewa a jikinta ya lalace, ita kanta ta shanye ta koma kitse da tabo. Daga wuya zuwa ƙwanjin damtse tafiyar wata 9 ce ko fiye, kaga in an yi aiki a wata na 4 zaren zai isa da sauran rai a tsokar, in an yi a wata na 12 zai isa ya tarar da kango. Daga wuya zuwa yatsu kuwa ya fi shekara 2, shi ya sa a babban mutum da wuya ƙananan tsokokin tafin hannu su dawo ko da an yi komai daidai, kuma likitan kirki zai gaya maka haka tun farko.

Dan haka ne ake cewa in wuƙa ce ko adda ko gilashi ya yanke jijiya a ɗinke ta cikin kwanakin farko, in kuwa fizga ce irin ta mashin a ɗan saurara a gani ko suma ce, amma saurarawar mai iyaka ce, wata 3 babu alamar dawowa a fara maganar tiyata, a yi ta kafin wata 6. In alamun tumɓukewa sun fito fili ma ba a jira haka.

Ni ba na cikin masu zagin masu ɗori, ƙashi aikinsu ne tun kaka da kakanni kuma wasu sun iya. Inda nake da ja shi ne ba wanda ke tambayar hannun kansa. A ranar farko kafin a sa kara a ɗaure, a ce wa mutum motsa yatsu, ɗaga tsintsiya, lanƙwasa gwiwa, a shafa fata a ce kana ji? Minti biyu ne. Mu ma na asibiti muna da namu laifin, a ɗauki hoto a ga ƙashi lafiya a ce je ka gida ba komai, alhali hoton ƙashi ba ya nuna jijiya ko kaɗan. Masu nuna ta su ne hoton MRI, wanda ke nuna tsoka da jijiya, da gwajin nan na lantarki da ake soka siririyar allura a tsoka, shi kuma sai bayan sati 3 zuwa 4 yake faɗin gaskiya. Akwai ma gwajin da ba ya cin ko sisi, ka riƙa ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da ɗan yatsa, inda sabon zare ya kai mutum zai ji tsirrr har yatsu, sai mu sa alama da biro mu auna, wata mai zuwa in alamar ta sauko ƙasa jijiya na tafiya, in tana nan inda take wata biyu uku toh ta tsaya. Wanda ke Sakkwato ya nemi a tura shi sashen ƙashi ko na ƙwaƙwalwa da laka a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko, akwai kuma Dala a Kano, masu ɗinkin jijiya da madubin ƙara girma ba su da yawa a ƙasar nan kuma neman su ma na cin watanni, shi ya sa ake fara nema da wuri.

Ita tiyatar kala-kala ce. In jijiya ta tsinke an yanke ɓangaren da ya lalace sai a ga giɓi, kuma ba a jan ta da ƙarfi a haɗa, sai a yi mata gada. Akwai wata siririyar jijiya a bayan sha-raɓa da ake cirowa, tana kai santimita 30 zuwa 40, abin da mutum zai rasa kawai jin gefen ƙafa ta waje, tafiya ba ta taɓuwa. A yayyanka ta a jera a ɗinke da zaren da ya fi gashin kai siranta. Mutane na ɗauka da an ɗinke wuta za ta kawo kamar an haɗa waya, a'a, gadar hanya ce kawai, zaren sai ya tsiro ya bi ta da milimitarsa ɗaya a rana.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta aro. Tunda saiwar da ta tumɓuke ba ta mayuwa, sai a je wurin jijiyar da ke da rai a ɗebo kaɗan a jona wa matacciya, kusa da tsokar yadda tafiyar za ta gajarce. Christophe Oberlin a Faris ya fito da wata a 1994, ga wanda na samansa suka tafi amma yatsu na aiki, a tsaga cikin damtse a ɗauki ɗan zare daga jijiyar alna, wadda in ka bugi gwiwar hannu kake jin shokin har ƙaramin yatsa, a jona shi da reshen da ke shiga ƙwanji. Tazarar 'yan santimita ce, cikin 'yan watanni ƙwanji ya fara motsi, kuma yatsun ba su rasa wani abin kirki ba. Kafaɗa kuma a aro mata daga jijiyar da ke ɗage kafaɗa in ka ce oho, da wani reshe na tsokar bayan damtse, wannan likitocin Tailan ne suka yi suna a kai. In duka biyar sun tafi babu abin aro a hannun sai a shiga ƙirji a ɗauko na tsakanin haƙarƙari, Gu Yudong a Shanghai ma har C7 na lafiyayyen hannun ya riƙa ɗaukowa ya tsallako da ita. Abin dariya abin tausayi, wanda aka yi wa aron haƙarƙari da farko sai ya yi tari ko ya ja dogon numfashi gwiwar ke lanƙwashewa, na Oberlin kuma sai ya dunƙule hannu, a nan aikinmu na gashi yake, wata da watanni ana koya wa ƙwaƙwalwa cewa wannan layin ya canza gida. Kuma ana bin abu daki-daki, gwiwa tukuna dan hannu ya kai baki, sannan kafaɗa ta tsaya, sannan a nemi ji a tafin hannu.

Ba duk raunin wurin ne ke kai haka ba. Karayar tsakiyar ƙashin damtse takan taɓa jijiyar radiyal da ke nannaɗe da ƙashin ta baya, kamar mutum 1 cikin 10, sai tsintsiyar hannu ta faɗi, yawancinsu suna tashi da kansu cikin wata 3 zuwa 4 in an tallafe hannun da abin ɗauri. Ita ce kuma ke suma in mutum ya yi barci mai nauyi hannu rataye a kan kujera, ko ya dogara sandar guragu a hammata. Gocewar kafaɗa kuma takan ja jijiyar da ke zagaye wuyan ƙashin, alamarta sagewar fata a gefen kafaɗa daidai inda soja ke manna tambari, a duba wannan kafin a mayar da kafaɗar da kuma bayan an mayar.

Sai jarirai. In yaro ƙato ne, musamman na uwa mai ciwon suga, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, wajen fito da shi saƙar nan na iya miƙewa, ana samun haka a kamar 1 zuwa 3 cikin haihuwa 1000. Uwa za ta lura ranar wanka hannu ɗaya na wutsil-wutsil ɗayan na kwance. Dan Allah a daina kai jinjiri a ja masa hannu da sunan targaɗe. Mafi yawansu suna warkewa da kansu dan jijiyar yaro na da saurin tsiro kuma tafiyar gajera ce, abin da ake so kawai uwa ta riƙa motsa masa kafaɗa a hankali, musamman juya ta waje, duk sanda ta canza masa ƙunzugu, kar gaɓar ta ƙage. Ma'aunin da likitoci da yawa ke bi, wanda Alain Gilbert na Faransa ya kafa, shi ne in ya cika wata 3 bai lanƙwasa gwiwa ya kai hannu baki ba a kai shi wurin masu tiyata su duba, wasu kan ɗan ƙara har wata 6. A yara ko yatsu ma suna dawowa.

Shi yaron namu a wata 14 aron jijiya ya kusa fita daga hannu, ko ya riga ya fita. Abin da ya rage masa shi ne irin aikin da ake ɗauko tsoka sukutum daga cikin cinya da jijiyar jininta da ta lakarta a dasa a damtse a jona mata na haƙarƙari, sabuwar tsoka ce agogonta daga ranar zai fara, ko kuma a daskare kafaɗar da ƙarfe ta daina lilo. Babban aiki ne mai tsada kuma sai an yi tafiya, dattijon ya yi shiru da na faɗa, can ya ce "Da mun sani da mun taho tun kahin azumin bara." Na ce Baba ba laihinku na ba, ba wanda ya gaya muku.

Na rubuta musu takardar zuwa wurin likitan tiyata, na koya wa ƙanensa yadda zai riƙa motsa kowace gaɓa safe da yamma dan ko za a yi aiki sai gaɓoɓin na da laushi. Da na juya hannun na ga wani tabon ƙuna a bayan yatsu, babba, ya ce gashi aka yi masa da ruwan zafi bai ji komai ba sai da fata ta saɓule. Na ce daga yau ruwan wanka da hagu za ka fara taɓawa, kaskon wuta na hunturu kuma ka zauna ta ɗaya gefen, kuma kullum da dare ka duba hannun da ido kamar yadda mai suga ke duba ƙafa. Ya ɗauko shi da hagu ya mayar aljihu, na ce a'a, na ɗaura masa abin ratayawa a wuya dan nauyin hannun na janye kafaɗar daga gurbinta, har yatsana biyu na shiga ramin.